Kuɗi ko Diraf: Ta Ina Ake Fara Gyaran Katangar Mahomes?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana muna bin ƙwallon Amurka, kuma dukanmu 'yan Kansas City Chiefs ne. Tun daren da Philadelphia Eagles ta yi mana kaca-kaca a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, a Fabrairun 2025 muke musu. Shi ya ce a zuba kuɗi a sayo gogaggun ƙarti su tsare mai jifanmu Patrick Mahomes, ni na ce a yi haƙuri a ɗauko matasa daga jami'a a raine su. Wani abokinmu kuma ya ce duk ɓata bakinmu muke, masu cafke ƙwallo da sauri ya kamata a nemo. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaishe mini da yayan naka, ka ce masa bai faɗi ƙasa ba, amma kai ma ba ka faɗi ba. Inda kuka yi kuskure ku biyun shi ne kun ɗauki katangar nan kamar kaya iri ɗaya da ake saye a rumfa ɗaya. Kujeru biyar ne, kuma ba kasuwarsu ɗaya ba. Kujeru ukun tsakiya, ko da kuɗi ko da diraf ana dacewa. Biyun gefe, musamman ta hagu, kuɗinka ba zai sayo maka abin da ba a kawo kasuwa ba. Tarihin Chiefs ɗin da kuke goyon baya daga 2021 zuwa 2025 ya isa hujja a kan wannan, ba sai mun je nesa ba.

Saboda masu karatun da ƙwallon ƙafa suka sani, bari in ɗan shimfiɗa tabarma. A ƙwallon Amurka, duk lokacin da ƙungiya za ta kai hari, mutum biyar ne suke durƙusawa a sahun gaba, su ne nake kira katanga. Na tsakiya shi ne santa, shi yake miƙa wa mai jifa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Dama da hagunsa akwai biyu da ake kira gad, sai biyu a can gefe da ake kira takul. Kowannensu yakan haura kilo 135. Doka ba ta yarda a jefa musu ƙwallo ba, ba sa cin maki, ba a cika kiran sunansu ba sai ranar da suka yi laifi. Aikinsu biyu ne: su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya, su kuma saya wa mai jifa daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ƙartin ɗaya ɓangaren su dira a kansa. Idan aka kayar da mai jifa da ƙwallo a hannu, shi ake kira sak. Diraf kuwa shi ne rabon 'yan wasan jami'o'i da ƙungiyoyi 32 suke yi duk shekara, zagaye bakwai, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita take fara zaɓa. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Wannan ba shi ne karo na farko da katangar Chiefs ta rushe a daren Super Bowl ba. Ranar 7 ga Fabrairun 2021, Tampa Bay Buccaneers ta ba su 31 da 9, ko sau ɗaya ba su kai ƙwallo gidan ci ba, wato ƙarshen filin da ake cin maki. Mutane suna tuna Tom Brady, mai jifan Tampa, amma wasan an gama shi tun kafin a busa. Laurent Duvernay-Tardif, gad ɗinsu na dama wanda likita ne, ya ajiye wasan kakar gaba ɗaya ya koma Kanada yana aikin jinya lokacin korona. Kelechi Osemele, gad ɗin hagu, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, jijiyoyin gwiwoyinsa biyu suka tsinke a mako na biyar. Mitchell Schwartz, takul ɗin dama, baya ya kwantar da shi. Sannan ana saura mako biyu wasan ƙarshe, a karawa da Buffalo, jijiyar agarar Eric Fisher ta tsinke, shi ne takul ɗin hagu. Sai aka shiga 'yan dabaru: aka ɗauko Mike Remmers daga dama aka kai shi hagu, aka ɗauko Andrew Wylie daga kujerar gad aka kai shi takul ɗin dama, aka cusa Stefen Wisniewski a gurbin Wylie. Rauni ɗaya ya jawo canji a kujeru uku.

A cikin sau 56 da Mahomes ya ja baya zai yi jifa, sau 29 'yan tsaron Tampa suna kansa. An auna gudun da ya yi a bayan layi yana neman tsira, ya kai yadi 497. Akwai wani jifa da har yau in na rufe ido ina ganinsa: a zango na huɗu, ya zagaya ya zagaya, aka tsarge masa ƙafa, yana cikin faɗuwa jikinsa a miƙe kamar wanda aka shimfiɗa a iska, a haka ya saki ƙwallon. Ta tafi kusan yadi talatin ta doki abokin wasansa Darrel Williams a murfin fuska a bakin gidan ci, ta faɗi ƙasa. A nan Najeriya wasan yakan fara da sha biyu da rabi na dare, wajen ƙarfe huɗun asuba nake kallon wannan, na ce a raina mutum ya yi abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam amma a banza. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ranar kuwa ba tsagewa ya yi ba, zubewa ya yi.

Abin da manajansu Brett Veach ya yi bayan nan shi ne ainihin amsar musunku, domin bai zaɓi hanya ɗaya ba. A watan Maris ya sallami Fisher da Schwartz rana ɗaya. Ya shiga kasuwa ya sayo Joe Thuney daga New England, gad ɗin hagu, shekara biyar a kan dala miliyan 80. Wannan ta yayanka ce, kuma ta yi kyau ƙwarai. Ya shiga diraf ya ɗauko Creed Humphrey na jami'ar Oklahoma a lamba ta 63 ya zama santa, ya ɗauko Trey Smith na Tennessee a lamba ta 226, zagaye na shida, ya zama gad ɗin dama. Wannan taka ce. Smith ba rashin iyawa ne ya jefa shi can baya ba, ya taɓa fama da daskarewar jini a huhu, sauran ƙungiyoyi suka ji tsoro. Likitocin Chiefs suka duba suka ce a ɗauka. Duka biyun tun wasan farko suka shiga, kujerun suka zama nasu.

Ka lura da lissafin. A lokacin Thuney yana cin miliyan 16 a shekara. Kwantiragin Humphrey na shekara huɗu gaba ɗaya bai kai miliyan 6 ba, na Smith bai kai miliyan 4 ba. Gasar tana da rufin albashi, wato iyakar abin da kowace ƙungiya za ta iya kashewa a kan 'yan wasa, a 2021 dala miliyan 182.5 ne. Ƙungiyar da ta riga ta ɗaure kanta da kwantiragin Mahomes na miliyan 450 a shekara goma ba za ta iya biyan mutum biyar farashin Thuney ba. Arahar yaran nan biyu ita ta biya tsadar Thuney. Shi kuma Thuney, da yake ya ga jiya ya ga yau, shi ya zauna kusa da sabon santa yana gyara masa karatu. Kowace hanya ta jingina da 'yar'uwarta.

Saura kujerar hagu, a nan labarin ya fara tsami. Veach ya fara neman Trent Williams, wanda a lokacin babu kamarsa, ya taya da gaske, amma San Francisco ta riƙe abinta da miliyan 138 a shekara shida. Sai ya juya ga Baltimore ya karɓo Orlando Brown, ya ba da zaɓinsa na zagayen farko da wasu uku, aka haɗo masa da zaɓin zagaye na biyu da na shida. Brown takul ɗin dama ne a Baltimore, ya riƙe hagu ne na wucin gadi da Ronnie Stanley ya ji rauni, ya ɗanɗana ya ce shi ba zai koma dama ba. Ƙato ne na gaske, amma ƙafarsa tana da nauyi, masu sauri suna zagaye shi. Duk da haka ya toshe ramin. Ranar 12 ga Fabrairun 2023 katangar Brown, Thuney, Humphrey, Smith da Wylie ta tsaya gaban Eagles ɗin da ta yi sak 70 a kakar, ba su bari an kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba, alhali yana ɗingishi da ciwon idon sawu. Suka ci 38 da 35. Shekara biyu tsakanin zubewa da kofi.

To me ya faru aka sake komawa gidan jiya? Ba a daidaita da Brown a kan dogon kwantiragi ba, ya tafi Cincinnati a kan miliyan 64. Wylie ya tafi Washington. Aka sayo Jawaan Taylor daga Jacksonville da miliyan 80 a shekara huɗu, ya zauna a dama, kuma a kakar 2023 babu ɗan wasan da alƙalai suka jefa wa tutar laifi kamarsa a duk gasar. Hagu aka ba Donovan Smith na shekara ɗaya, tsohon hannu da ya fara gajiya. An ci kofi a haka, 25 da 22 a kan San Francisco, kuma ina jin wannan nasarar ce ta sa aka ɗauka faci zai ci gaba da riƙewa. A 2024 aka ɗauko Kingsley Suamataia a zagaye na biyu, yaro ɗanye, aka ɗora shi a hagu tun wasan farko. A mako na biyu aka cire shi ana tsakiyar wasa. Aka gwada Wanya Morris, bai riƙe ba. Aka ɗauko D.J. Humphries da yake dawowa daga jinyar gwiwa, a wasansa na farko cinya ta riƙe shi. Daga ƙarshe aka ce Thuney ya matsa gefe, Mike Caliendo ya shiga kujerarsa.

Ka ga kuskuren 2021 ya dawo da sabuwar riga. An cire gad ɗin da ya fi kowa a ƙungiyar an mai da shi takul mai matsakaicin ƙarfi, an sa wanda bai kai shi ba a gurbinsa. An gudu ba a tsira ba, rami ɗaya ya zama biyu. Ba laifin Thuney ba ne. Takul yana aiki ne a fili, babu kowa a gefensa na waje, yana ja da baya yana tarar mutumin da ya fi shi sauri, don haka ake son mai dogon hannu, inci 33 zuwa sama, ya taɓa ƙirjin abokin karawa kafin shi a taɓa nasa. Gad kuwa a matsattsen wuri yake, kamar mai kokawa a cikin zaure, ƙarfin kwankwaso da saurin hannu yake buƙata. Thuney an halicce shi ne don zaure.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025 Vic Fangio, mai tsara tsaron Eagles, bai ƙara mutum ko ɗaya a kan masu kai farmaki ba. Da huɗu kawai ya yi ta zuwa, sauran bakwai suna baya sun toshe duk inda za a jefa ƙwallo. A haka suka yi sak shida. A zango na biyu an kayar da Mahomes sau biyu a jere, a na uku ya fita da gudu ya yi jifan dole, Cooper DeJean ya cafke ya kai gidan ci. Kafin hutu kuma Josh Sweat ya turo Thuney da baya har ya haɗa shi da Mahomes yana cikin jifa, ƙwallon ta karkace ta faɗa hannun Zack Baun. An je hutu 24 da nema, Chiefs tana da yadi 23 kacal. An tashi 40 da 22, kuma makin da Chiefs ta samu duk bayan an riga an raba gardama ne.

Wannan wasan shi ne amsar abokinku. Idan huɗu sun isa su karya biyar, to bakwai suna gadin masu karɓa biyar, ko iska ka sayo ba za ta samu fili ba. Amma kada ku yi masa dariya, maganarsa tana da asali. A 2021 magoya bayan Cincinnati sun yi irin musunku har ya fi naku zafi: mai jifansu Joe Burrow ya tsinke jijiyar gwiwa a kakarsa ta farko, ƙungiyar tana da zaɓi na biyar, a ɗauki takul Penei Sewell ko mai karɓa Ja'Marr Chase? Suka ɗauki Chase, Sewell ya tafi Detroit a lamba ta bakwai. Chase ya kai su har Super Bowl a shekarar, don haka ba wanda zai ce sun yi wauta. Sai dai an kayar da Burrow sau 51 a kakar, sau tara a wasa ɗaya da Tennessee, sau bakwai a wasan ƙarshe, kuma harinsu na ƙarshe ya mutu ne a hannun Aaron Donald na Los Angeles Rams da ya finciko Burrow, suka faɗi 23 da 20. Da kasuwa ta buɗe sai ga su sun sayo masu katanga uku a wata ɗaya. Sakin ƙwallo da wuri yana rage wa katanga nauyi, wannan gaskiya ne. Indianapolis ta sauko daga sak 56 a 2017 zuwa 18 a 2018, kuma sabon tsarin jifan sauri na kocinsu Frank Reich yana da kaso a ciki. Amma a shekarar ce kuma suka ɗauki Quenton Nelson a lamba ta shida da Braden Smith a zagaye na biyu. Ga mai jifansu Andrew Luck dai gyaran ya zo a makare, jikinsa ya riga ya sha duka, ya ajiye wasa a Agustan 2019 yana ɗan shekara 29.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce takul ɗin hagu ba ya zuwa kasuwa. Mutanen da Allah ya haɗa wa wannan girma da wannan sauƙin ƙafa ba su da yawa, ba su ma kai ƙungiyoyin 32 ba. Duk wadda ta samu nata tana sabunta masa kwantiragi tun kafin ya ƙare, in ya ƙi ta ɗaure shi da tambarin riƙo na shekara ɗaya da doka ta ba ta. Wanda ka gani a kasuwa, ka tambayi kanka me ya sa masu shi suka sake shi, su da suke ganinsa kullum a fili da ɗakin likita. Ko shekaru, ko rauni, ko bai kai kuɗin da yake nema ba. In kuwa ka ce sai mai kyau ta hanyar musaya, ka tuna Houston ta ba Miami zaɓin zagayen farko biyu da na biyu ɗaya a cinikin Laremy Tunsil a 2019. Su kuma na diraf, masu kyan sukan ƙare tun a goma sha biyar ɗin farko. Fisher da ya riƙe wa Chiefs hagu shekara bakwai, shi ne lamba ta ɗaya a 2013, kuma sun same shi ne saboda a 2012 wasa biyu kawai suka ci cikin 16. Tun da Mahomes ya fara wasa har zuwa 2025 a ƙarshen layi suka riƙa zaɓa. Nasarar da kuka riƙa murna da ita a waɗannan shekarun ita ta hana ku takul.

Hanyar fita daga wannan tarko Eagles ce ta nuna ta, kuma ina ganin ita ce ku biyun ba ku ambata ba: malami da lokaci. A 2013 suka ɗauko Jeff Stoutland ya zama kocin katangarsu, manyan koci suka zo suka tafi suka bar shi a kujerarsa. A 2018 suka ɗauki Jordan Mailata a lamba ta 233, ɗan wasan rugbi daga Ostireliya wanda bai taɓa buga wasan ƙwallon Amurka ko ɗaya ba. Shekara biyu bai taka fili a wasan gasa ba, ana koya masa yadda ake durƙuso da inda ake ajiye ƙafa. Shi ne ya tsare hagun mai jifansu Jalen Hurts a daren da kuke kuka. Santansu Jason Kelce ɗan zagaye na shida ne na 2011, kuma sun ɗauko magajinsa Cam Jurgens a 2022, shekara biyu kafin Kelce ya yi ritaya, ya zauna yana kallo, ya yi shekara guda a kujerar gad, sannan ya gaji kujerar. Mekhi Becton da New York Jets ta gaji da shi a takul, Stoutland ya mai da shi gad ya farfaɗo. A bayan wannan katangar mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a 2024. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa gorunansu a fafe suke tun shekarar da ba su da niyyar tafiya ko'ina.

Chiefs ma tana da nata malamin, Andy Heck, tun 2013, kuma babban kocinsu Andy Reid kansa ɗan katanga ne a jami'a, da koyar da katanga ya fara suna. Ba ilimi suka rasa ba. Abin da suka yi wa Suamataia ne ya saɓa: an ba shi kujerar da ta fi kowace wuya ba tare da shekarar zama a benci ba. Ga shi kuma zamani ya canza. Yarjejeniyar 'yan wasa da masu ƙungiyoyi ta 2011 ta rage atisayen da ake yi da cikakkun kayan karo zuwa 14 a duk kakar gasa, jami'o'i da yawa kuma suna wasan da ɗan katanga ba ya ma sa hannu a ƙasa. Yaro yana zuwa da jiki, amma sana'ar sai an koya masa, lokacin koyarwar kuma ya ragu. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa suke son wanda ya yi kokawa yana yaro, kamar Humphrey, ko Tristan Wirfs na Tampa da ya zama zakaran kokawa na jihar Iowa a sakandare. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar gargajiya ya san wanda ya fi yin ƙasa ya shige ƙarƙashin ƙirjin ɗan'uwansa shi yake ɗaga shi, ko da kuwa an fi shi nauyi.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye ko a tsakiya, shi ne sabo. Bari in nuna maka da wasa ɗaya. Mai farmakin da ke gaban takul ya yi kamar zai bi waje, sai ya karkato ciki ya doki kafaɗar gad. A daidai lokacin, wanda ke gaban gad ya ɗan ja baya ya zagayo ta bayan abokinsa ya fito ta waje. Abin da ake so shi ne takul ya tura nasa ga gad, gad ya karɓa, takul ya saki ya tari mai zagayowa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, filin yana ruri ba mai jin maganar wani. Takul yana sanin gad ya karɓa ne ta nauyin da ya ji ya ragu a hannunsa. In ya saki da wuri, na farko ya ratsa tsakaninsu. In ya makara, na biyu ya wuce babu mai taɓa shi. Mutum biyu da suka yi shekara uku kafaɗa da kafaɗa suna yin wannan ba tare da tunani ba. Taurari biyu da aka haɗa watan jiya sai sun sha kunya sau da yawa kafin su daidaita. Don haka in ka ji mai goyon baya yana cewa a kori duka biyar ɗin a kawo sababbi, fushi ne yake magana. Chiefs ta yi hakan a 2021 ta tsira, amma dole ce ta sa, kuma an yi sa'ar da ba a saba yi ba a kan Humphrey da Smith.

Da ni aka tambaya a watan Maris ɗin 2025, da na ce kada a taɓa santa da gad ɗin dama, a kashe zaɓin farko a kan takul ko da zai yi shekara bai buga ba, a sayo wani mai matsakaicin farashi ya riƙe kujerar kafin yaron ya nuna, sannan daga yanzu duk shekara a ɗauki ɗan katanga ɗaya ko ana buƙata ko ba a yi. Kusan haka suka yi. Humphrey tun Agustan 2024 an ba shi miliyan 72 na shekara huɗu, Smith aka ba shi miliyan 94 a Yulin 2025. Yaran araha sun zama masu tsada, sai aka sayar da Thuney ga Chicago a kan zaɓin zagaye na huɗu, aka mai da Suamataia gad ɗin hagu, inda ba zai tsaya shi kaɗai a fili ba. Aka sayo Jaylon Moore daga San Francisco, miliyan 30 a shekara biyu, mutumin da yawancin zamansa a can a bayan Trent Williams yake jira. Ka ga farashin ɗan benci ma a wannan kujerar. Sannan a lamba ta 32 aka ɗauki Josh Simmons na Ohio State, wanda ba don jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Oktoban 2024 ba, da ba zai kai ko kusa da hannunsu ba. Cacar Trey Smith ce aka sake bugawa, a kan kujerar da ta fi tsada.

Sayar da Thuney ne kawai ya tsaya mini a rai. Na fahimci lissafin, mutum ya haura talatin, rufin albashi na 2025 miliyan 279.2 ne kuma ba ya miƙewa don kowa. Amma a 2025 an bar ɓangaren hagu gaba ɗaya a hannun sababbi biyu, babu dattijo ko ɗaya a gefen da Mahomes ba ya gani idan ya juya zai yi jifa. Irin wasan zagayen da na kwatanta maka, can za a riƙa aiko musu da shi.

In kuna son ku raba gardamarku da idonku, wasa na gaba ku zauna tare ku yi zango ɗaya ba ku bi ƙwallo da ido ba. Ku kalli takul ɗin hagu kawai. Ku duba takunsa biyu na farko, ko ya isa wurin kafin abokin karawarsa ko bin sa yake yi. Ku ƙirga sau nawa aka bar mai gudu da ƙwallo ko wani mai karɓa a baya don ya taya shi, domin duk wanda aka bari a baya an rage wa Mahomes wurin jifa ɗaya. Sannan ku kalli ƙafafun Mahomes ɗin: idan ya ja baya ya taka gaba cikin aljihun da aka yi masa, ya yarda da mutanensa. Idan kuwa tun ba a taɓa shi ba ya fara sulalewa dama, to tsoron hagunsa yake ji, ko da allon ƙididdiga ya nuna ba a kayar da shi ko sau ɗaya ba.